Kukan Arba'in da Hannun da Ke Girgiza Jariri: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Lafiya

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a, Farfesa Muhammad Ali Pate.

Ranka ya daɗe, na san teburinka ba ya rasa manyan matsaloli: mata masu rasuwa wajen haihuwa, tamowa, mashaƙo, da likitocin da ke tattara nasu ya nasu suna barin ƙasa. Abin da na kawo maka bai kai waɗannan nauyi a kasafin kuɗi ba. Roƙo nake yi ma'aikatarka ta sa magana ta minti biyu ko uku cikin abin da malaman asibiti ke faɗa wa iyaye ranar awo da ranar rigakafi, magana a kan kukan jariri, da abin da ke samun ƙwaƙwalwarsa idan babba ya fusata ya kama shi ya girgiza da ƙarfi. Zan yi ƙoƙarin nuna maka cewa wurin faɗar wannan magana da lokacinta duk suna hannunmu tun tuni, saura kawai a ba da umarni.

Sai na fara da gyara kalma, domin Hausa ta ɗora wa "jijjiga" kaya da yawa. Uwa tana jijjiga goyonta don ya yi barci, kaka tana jijjiga jika a cinya tana masa kirari, kuma idan zazzaɓi ya hau kan yaro ya sanƙare yana taune-taune, shi ma jijjiga muke cewa. Jijjigar rarrashi ba ta da laifi, likitocin yara ma sun tabbatar da cewa goyo da rawar cinya da wasan da aka saba ba sa jawo raunin da nake magana a kai. Abin da nake nufi shi ne a riƙe jariri ta ƙirji ko ta kafaɗu, a girgiza shi gaba da baya cikin fushi, har kansa ya riƙa wuntsilawa, irin girgizar da duk wanda ya gani zai ce a'a, za ka kashe shi. Duk saƙon da za a tsara da Hausa dole ya raba waɗannan biyu sarai. In ba haka ba, tsohuwar da ta raini 'ya'ya goma za ta ji an ce kada a jijjiga yaro, ta yi tsaki, ta watsar da maganar gaba ɗaya, kuma da gaskiyarta.

Kai likita ne, amma ka yi mini uzuri in bayyana yadda abin yake saboda sauran masu karatu. Kan jariri ya kai kusan rubu'in tsawon jikinsa, wuyan da ke ɗauke da shi kuwa bai yi ƙwari ba sai ya kai wata huɗu ko fiye. Ƙwaƙwalwarsa ruwa-ruwa ce, ba ta gama ƙosawa ba. Tsakaninta da tantanin da ke manne da ƙoƙon kai akwai siraran jijiyoyin jini da suka ratsa kamar zare. Idan aka girgiza shi, ƙwaƙwalwar tana kai-komo a cikin ƙoƙon, zaren nan ya tsinke, jini ya taru a ƙarƙashin tantani, ya kuma tsattsafo a can cikin ido. Wuya da tushen ƙwaƙwalwa suna iya jin ciwo har numfashi ya ɗauke na ɗan lokaci, kuma rashin iskar nan yakan ƙara ɓarna a kan ɓarna, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Wani lokaci ana samun karaya a haƙarƙari inda yatsun babba suka matse. Duk wannan yana iya faruwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, kuma sau da yawa babu ko ƙwarzane a fatar yaron. Daga cikin waɗanda aka gano a asibiti, wajen ɗaya cikin huɗu ko biyar suna rasuwa, mafi yawan waɗanda suka rayu kuma suna tashi da tabo na har abada: makanta, farfaɗiya, shanyewar gaɓoɓi, ko kasa koyon magana da karatu.

Wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a garin Hull na Ingila, Norman Guthkelch, shi ne ya rubuta a 1971 cewa girgiza na iya zama sanadin jinin da yake gani a kan jarirai marasa rauni a waje, ya kuma lura cewa iyayen yankin suna ɗaukar girgiza a matsayin horo mai sauƙi, wanda bai kai mari ba. John Caffey na Amurka ya faɗaɗa bayanin a 1972 da 1974. A 2003 wani bincike a Karolina ta Arewa ya sami kusan jarirai 30 cikin kowane 100,000 da ba su cika shekara ba suna kwanciya rai a hannun Allah ko suna rasuwa saboda raunin kai da babba ya yi musu. Amma binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Catherine Adamsbaum da abokan aikinta a Faransa a 2010. Sun duba bayanan mutum 29 da suka amsa laifinsu a gaban shari'a. Fiye da rabinsu sun ce ba sau ɗaya suka yi ba, kuma dalilin maimaitawar shi ne yaron yana yin shiru bayan an girgiza shi. Shirun nan kuwa suma ce ko abin da ya yi kusa da ita. Mai girgizar ya ɗauka ya gano dabarar rarrashi, alhali ƙwaƙwalwa yake bugarwa, gobe kuma idan kuka ya dawo ya sake.

Kuka shi ne tushen maganar. Tun 1962 likitan yara Berry Brazelton ya nuna cewa kukan jariri mai lafiya yana da tsani: yana fara hauhawa wajen mako na biyu, ya kai ƙololuwa wajen mako na shida, inda yaro zai iya kwashe kusan awa uku a yini yana kuka, galibi daga la'asar zuwa dare, sannan ya sauka a wata na uku zuwa na huɗu. Wani kukan ba ya jin nono, ba ya jin goyo, ba ya jin waƙa, kuma ba alamar cuta ba ce. Ronald Barr na Kanada da abokansa sun ɗora wannan tsani a kan shekarun jariran da aka kwantar a asibitocin Kalifoniya saboda girgiza, suka ga tsanin biyu sun yi kama, sai dai na raunin yana biyo baya da 'yan makonni, ya fi yawa tsakanin mako na 10 da na 13, wato bayan haƙurin mai raino ya gama sirancewa.

To, ranka ya daɗe, lissafa mako shida da kwanakinmu. Kwana arba'in da biyu ke nan. A ƙasar Hausa arba'in ita ce ranar da aka sauke tukunyar wankan jego, tsohuwar da ta zo zaman jego ta ɗaure kayanta ta koma gida, mai haihuwar fari da ta je wanka gidan iyayenta ta fara shirin komawa ɗakinta. Kwana arba'in ana yi mata kunun kanwa, ana karɓar mata yaro ta runtsa, ana hana ta aikin wahala. Ranar da hannayen nan suka janye ita ce ranar da kukan yaron ya kai maƙura, ga girki ya dawo, ga wanki, ga yawon arba'in, ga miji da ya yi makonni yana barci lafiya yanzu zai kwana ɗaki ɗaya da mai tsala ihu. Kuma a daidai wannan mako jadawalin rigakafin ƙasar nan yake kiran uwa da jariri asibiti: mako na 6, sai na 10, sai na 14. Ko da gangan aka tsara, da wuya a sami jadawalin da zai rufe lokacin hatsarin kamar haka. Malamar asibiti ma ta riga ta saba gaya wa uwa cewa yaron zai iya yin zazzaɓi da rigima a daren allura. Maganar kuka a buɗe take a wannan benci, jimloli kaɗan suka rage a ƙara.

Na san abin da za a fara cewa: wannan cutar Turawa ce, masu ajiye jariri shi kaɗai a ɗaki, mu kuwa muna da goyo da dangi. Akwai gaskiya a ciki, kuma ina ganin goyo da gidan gandu kariya ce da ya kamata mu riƙe da hannu biyu. Barr ɗin nan ya yi nazarin jariran mutanen Kung na Botswana, waɗanda kusan ba sa sauka daga jikin uwa, ya ga jimillar kukansu ta fi ta jariran Turawa gajarta, amma hauhawarsa a watannin farko tana nan daram. Goyo yana rage kuka, bai soke tsanin ba. Sannan wane gida muke magana a kai? Amarya 'yar shekara goma sha bakwai a ɗakin haya a Kurna ko Rigasa, cikin zafin bazara ba wuta, maƙwabta suna buga bango, uwarta tana can ƙauye, ita ma 'yar ƙasar nan ce. Haka matar da ke sansanin gudun hijira, da wadda damuwar bayan haihuwa ta danne ba wanda ya sani. Yawan hannu kuma yana da nasa gefen, domin cikin hannayen akwai na 'yar raino mai shekara tara, wadda aka ɗaura wa jariri da majanyi aka ce idan ya yi kuka ita za a daka. Yarinyar da ke tsoron bulala za ta yi duk abin da zai sa yaron ya yi shiru. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2021 ya nuna kusan tara cikin goma na yaranmu masu shekara 1 zuwa 14 sun fuskanci horo mai tsanani, na duka ko na tsawa, kuma girgiza yaro tana cikin tambayoyin da ake yi. Tambayoyin daga shekara ɗaya suke farawa, sun tsallake jariran da suka fi kowa rauni, amma da wuya a yarda cewa hannun da ya saba girgiza ɗan shekara ɗaya yana jiran ranar cikar shekarar kafin ya fara. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Za a kuma ce, in haka ne me ya sa likitocinmu ba sa ganin irin waɗannan jarirai? Dubi alamomin: jariri ya ƙi nono, ya yi amai, ya yi laushi, maɗigarsa ta kumbura, ya fara taune-taune, numfashinsa ya riƙa sarƙewa. Wane ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ne zai ga wannan bai ce sanƙarau ko zazzaɓin da ya hau kai ba? Kuma ba zan zarge shi ba, domin mafi yawan lokaci abin da ke nan ke nan. A gida kuwa za a ce iska ce, ko kambun baka, ko an wuce da shi ta bola da magariba, a nemo hayaƙi da rubutu. Wanda ya yi girgizar yana tsaye a wurin, ko ya yi shiru don tsoro, ko shi kansa bai haɗa abin da ya yi jiya da abin da yake gani yau ba. A Amurka, inda na'urar hoton ƙwaƙwalwa take a kusan kowane babban asibiti, Carole Jenny ta duba yara 173 masu irin wannan rauni a 1999, ta tarar 54 daga cikinsu likita ya gan su tun farko bai gane ba, wasu an mayar da su gida an sake ji musu ciwo. Idan kusan kashi ɗaya cikin uku ya kuɓuce wa masu kayan aiki, me ake tsammani a inda hoton kai sai an je asibitin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka? Mamacinmu kuma ba ya kwana, balle a binciki gawa. Yaron da ya tsira, bayan shekara biyu a ga bai zauna ba, bai gani, a sa masa suna galahanga, a ce haka Allah ya halicce shi.

Ƙorafi na uku shi ne mafi ƙarfi, kuma ba zan ɓoye maka shi ba. Shin wayar da kai tana aiki? A yammacin jihar New York, Mark Dias ya sa ma'aikatan jinya suna yi wa iyaye bayani kafin a sallame su daga ɗakin haihuwa, uwa da uba duka, su kuma sa hannu cewa sun ji. Rahotonsa na 2005 ya nuna raguwar kashi 47 cikin ɗari. Da aka faɗaɗa shirin zuwa dukan jihar Pennsylvania, sakamakon 2017 bai nuna raguwa ba, haka ma wani babban shiri a Karolina ta Arewa da aka ba da rahotonsa a 2015. A lardin British Columbia na Kanada kuwa, inda aka maimaita saƙon a asibiti da gida da kafofin watsa labarai, an sami raguwar kusan kashi 35 a rahoton 2018. Hujjar ta rabu, kuma duk wanda ya ce maka tabbas ne ya yi maka ƙari. Fahimtata ita ce faɗa sau ɗaya ga matar da ta haihu jiya, tana fama da ciwo da barci, ba ya isa makonni shida gaba, musamman idan ba ita ce mai girgizar ba. Shi ya sa nake cewa a maimaita a ranakun rigakafi uku, lokacin da kukan yake cikin kunnenta. Sannan a auna abin da za a kashe da abin da za a iya tsarewa. Ba na neman gini ko mota ko sabuwar hukuma. Ko da raunin bai ragu yadda ake fata ba, uwar da ta san kukan nan na lafiya ne kuma zai wuce ba za ta yi saurin cewa nononta ba ya isa ba, ba za ta ɗura wa ɗan wata biyu jiƙo ko maganin sa barci daga kemis ba. Wannan kaɗai riba ce ga shirin shayarwa zalla da ma'aikatarka ke yi wa yekuwa.

Ba za mu kwafi tsarin New York yadda yake ba, domin shi a ɗakin haihuwa aka gina shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari kawai na haihuwa ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa wajen kashi 16, alhali kashi 67 na masu ciki a ƙasar suna ganin ƙwararre wajen awo. Ƙofarmu ita ce awo da rigakafi, sai ungozoma, da wanzamin da ke zuwa ranar suna, da matan shirin CHIPS da aka ƙaddamar a 2018 masu shiga gida-gida. Sai kuma maza, waɗanda ba sa zama a bencin awo. A binciken Suzanne Starling na 1995 a Colorado, wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda aka gano sun yi girgizar maza ne, uban yaron ne a kan gaba. Namiji yana da ƙarfin hannu, bai saba da kukan ba, kuma yakan ji kamar yaron ya raina shi ne. A nan kai ka fi ni sanin hanya, domin lokacin da kake shugabantar hukumar lafiya matakin farko aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a 2009, wanda ya juya akalar yaƙi da shan inna. Limamin da ya iya gamsar da magidanci ya bari a ɗiga wa ɗansa magani zai iya gaya masa wannan, kuma ba sai ya nemo hujja daga nesa ba. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro don tausayin uwarsa, kuma ya koyar da mai fushi ya zauna in yana tsaye. Fastoci ma suna da nasu mumbarin, gidajen rediyo kuma suna shiga inda motar asibiti ba ta zuwa.

Saƙon kansa gajere ne. Kukan yaronki zai ƙaru zuwa arba'in, zai ragu wajen wata huɗu, ba laifinki ba ne kuma ba rashin tarbiyya ba ne. A duba yunwa da jiƙa da zafi, in akwai zazzaɓi ko ƙin nono ko kukan ya sauya a zo asibiti. Idan an yi komai ya ƙi shiru, zuciya ta fara tafasa, a miƙa shi ga wani babba, in babu kowa a kwantar da shi rigingine a wuri mai aminci cikin gidan sauro, a fita tsakar gida a sha ruwa, a dawo bayan 'yan mintoci. Wannan gaɓar ita ce za ta fi wuyar karɓuwa, domin matar da aka ji ɗanta yana kuka tana waje za a ce ba ta da imani, saboda haka dole uwar miji ta ji daga bakin malamar asibiti cewa an halatta. Kada a bar jariri mai rigima da ƙaramar yarinya ita kaɗai, kada kuma a yi mata barazanar duka a kan kukansa. Yaron da ya sume ko ya sanƙare ba a girgiza shi don ya farfaɗo. Wanda kuma hannunsa ya riga ya kuɓuce, ya kawo yaron nan take ya faɗi gaskiya, domin likitan da aka ɓoye wa zai ɓata sa'o'i yana neman sanƙarau.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake roƙon kada a yi. Kada a fara da 'yan sanda. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 tana nan don wanda ya zalunci yaro, ban ce a yafe masa ba. Amma a ƙasashen da suka riga mu an yi doguwar jayayya a kotuna kan ko jini a kai da jini a ido da kumburin ƙwaƙwalwa su kaɗai sun isa hujjar ɗaure mutum. Wata hukumar tantance binciken lafiya ta Suwidin ta ce a 2016 hujjar hakan ba ta da ƙarfi, ƙungiyoyin likitocin yara da dama suka yi mata raddi, shi kansa Guthkelch a ƙarshen rayuwarsa ya nuna damuwa da yadda ake yanke hukunci da sunan bincikensa. Jayayyar a kan tabbatar da laifi take, babu ɓangaren da ya ce girgiza jariri cikin fushi abu ne marar hatsari. A wurinmu taka-tsantsan ya fi zama dole, domin jaririn da aka haifa a gida bai sami allurar bitamin K ba yana iya zubar da jini a ƙwaƙwalwa tsakanin mako na 2 da na 12 ba tare da kowa ya taɓa shi ba, daidai lokacin da muke magana a kai. A gidan da ke da kishiyoyi, kalma ɗaya daga bakin ma'aikacin da bai ƙware ba ta isa ta kashe aure ko ta sa a yi wa baiwar Allah tambarin da ba zai goge ba. Aikin ma'aikacin ƙauye shi ne ya tuna cewa abin yana yiwuwa, ya yi tambaya cikin lalama, ya tura yaron gaba. Tantancewa aikin asibitin koyarwa ne, da likitan yara da na ido da gwajin daskarewar jini.

Saboda haka ina roƙon ka umarci hukumar lafiya matakin farko ta zauna da ƙungiyar likitocin yara da majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma su tsara waɗannan jimloli da Hausa da Fulfulde da Kanuri da sauran harsunan ƙasa, a gwada su a kunnen tsofaffin mata kafin a buga, a sa su da zane a katin rigakafi kusa da layin mako na 6. A zaɓi asibitocin koyarwa kaɗan su riƙa rubuta duk jaririn da bai kai shekara ba da aka samu da jini a kai, a leƙa idonsa, a ajiye lissafi tun kafin shirin ya fara, domin bayan shekara uku ko huɗu a iya cewa ya yi aiki ko bai yi ba. A kuma roƙi masu binciken gidaje na gaba su sauko da tambayar girgiza zuwa jariran da ba su cika shekara ba.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Wassalam,
Wani ɗan ƙasa.